Baba Ba Zai Hau Bene Ba

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka da yara, kuma tarin nan da nake ji a muryarka ya sake ka. Mu nan lafiya lau. Gwaggo tana gaishe ka, ƙafarta ce dai kullum, ta ce in faɗa maka man shafawar da ka aiko ƙamshinsa ya fi aikinsa. Baba yana ci, yana barci, sai dai har yanzu "baiwar Allah" yake ce mini, wani lokacin ma ya tambaye ni yaushe masu gidan za su dawo.

Kada ka ce me ya kawo takarda ga waya a hannu. A waya katse ni kake yi, kafin in kai tsakiyar magana ka riga ka yanke hukunci. A takarda dole ka bari in gama. Direban motar kayan da ke zuwa wajenku ya yarda zai riƙa kai mana.

Ka san halin da muke shiga da Baba in la'asar ta yi. Sai ya sa takalmi ya nufi ƙofar gida yana jijjiga ta, wai ya makara, injinan ban ruwan mutane suna jiransa. Mutumin da ya bar gyaran inji tun Inna tana da rai. In an tare shi ya yi fushi, in an ƙyale shi ya fasa hannu a jikin ƙarfe. Gwaggo, da take zama da shi in na fita rarraba magani a shaguna, har kuka take yi, ta ce wannan ba wanta ba ne.

To ran nan na dawo aiki babur ɗina yana ta shaƙewa. Na zauna a tsakar gida na kwance kafireta na wanke, na mayar, na taka masa kik. Baba yana can yana aikinsa na jijjiga ƙofa. Sai na ji shiru. Ina ɗagowa na gan shi tsaye a kaina, ya karkata kunne. Ya ce, "Iska ta yi masa yawa. Mayar da sukurun nan kaɗan." Yaya, har na manta rabon da in ji magana mai kai da gindi daga bakinsa. Na mayar, inji ya daidaita. Ya ce, "Yawwa. To mu je mana, me muke jira?"

Sai na ɗauke shi. Muka zaga unguwa, muka bi ta bayan kasuwa muka dawo. Ya sauka, ya wanke hannu, ya nemi abinci. Ko kallon ƙofar bai sake yi ba ranar. Tun daga nan kullum in na dawo sai mun ɗan zaga, ranar hutuna kuma mu fita bayan gari mu wuni.

Akwai abin da na yi wanda gara ka ji daga bakina. Kujerar ƙarfen Inna, wadda take zama a kai tana tsince shinkafa, na kai wa mai walda na bakin layi, ya yanke bayanta ya liƙa mini a kariya don Baba ya samu abin jingina. Na san za ka ji zafi. Ni ma sai da na juya baya lokacin da ya sa mata zarto. Amma tana bayan ɗaki tana cin tsatsa ba mai zama, yanzu kuwa bayan mijinta take tarewa. Mai waldan ya samo mini bel mai faɗi na tsohuwar mota, ina ɗaure mu da shi ni da Baba a ƙugu. Tsohuwar hular kwanonsa ma na zaƙulo ta a ƙarƙashin gado, da kansa yake ɗaure igiyar, shi da ya kasa sa maɓallin riga.

Jiya har mun sha ƙasa a bakin ƙofa, a yashin ginin da maƙwabcinmu ya zube mana a hanya. Baba ya yi ta dariya har da hawaye. Ka gaishe da yara, ka ce musu kakansu ya dawo kan titi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Na amsa sallamarki. Muna lafiya, tarin ma da sauƙi. Ki gaishe da Gwaggo, zan canza mata wani man. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Na karanta takardarki na sake karantawa, har sai da matata ta tambaye ni wa ya rasu. Kin sha ƙasa da mahaifinmu a bayanki, ɗaure a jikinki, kuma kin saka zancen can a gindin takarda kamar labarin kaza ta yi ƙwai. Dattijon da bai san sunansa ba, ƙashinsa ya riga ya yi sanyi, in ya karye a ƙugu ba zai sake tashi ba. Kin tambayi likitansa kafin ki fara? Na san ba ki tambaya ba, don kin san abin da zai ce.

Ban raina ƙoƙarinki ba. Kowa ya san ke ce a kai, ni ina nan masana'anta sai dai aike. Abin yana damuna fiye da yadda nake faɗa. Amma tun kina ƙarama haka kike, in abu ya shiga ranki ba ki ganin rami sai kin faɗa. Baba ne ya ɓata ki da ya ɗora ki kan babur tun ƙafarki ba ta kai ƙasa ba. Aikinki naki ne, ban taɓa hana ki ba duk da surutun dangi. Ran Baba kuwa ba naki ba ne ke kaɗai.

Zancen kujerar Inna na haɗiye shi, abin da ya wuce ya wuce.

Ga abin da za a yi. Daga yau kada ki sake ɗaukarsa. Na kira Gwaggo na faɗa mata. Sannan mun yi shawara a nan, mun kwashe kayan ɗakin babban yarona, za mu gyara wa Baba. Muna hawa na huɗu, akwai iska, tagogi da ƙarfe, mai gadi a ƙasa, asibiti kusa. Za mu ɗauki mai kula da shi. Ke ma ki huta, ki ji da rayuwarki. In an gama fenti zan turo mota.

Kada ki ɗauki wannan a matsayin faɗa. Rigakafi ya fi magani.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa, don Inna ta koya mana a gaisa ko da faɗa za a yi. Ina fata kuna lafiya. Mu dai ga mu nan. Baba ya sake fasa bayan hannunsa a ƙofa, na wanke na ɗaure. Wannan shi ne labarin lafiyarmu, kuma kai ka jawo shi.

Cikin duk abin da na rubuta maka, layi ɗaya ka gani. To bari in ba ka shi dalla-dalla. Inji a kashe yake. A tsaye muke. Na sa ƙafa zan kafa, yashi ya zame, muka kishingiɗa a hankali kamar buhun da aka jingina bai zauna ba. Ko hularsa ba ta taɓa ƙasa ba. Da wani abu ya same shi, kana jin zan rubuta maka ina dariya? Wace irin 'ya ka ɗauke ni?

Gwaggo ta zo da wayarka a kunne, idonta ya yi ja. Ta ɗauki hular Baba ta jefa a akwatinta ta zauna a kai, ta ce ba za ta tashi ba sai na yi mata alkawarin ba zan sake ɗaukarsa ba har amsarka ta zo. Na yi mata. Don ita na yi, ba don kai ba, don ba zan iya ganin tsohuwa tana roƙona ba. Saboda haka ka karanta wannan da kyau ka amsa da wuri.

Kai dai faɗuwa ka gani. Ga abin da ba ka gani ba. Ranar hutun da ta wuce kafin takardarka, tun da hantsi na duba iskar taya wajen mai faci na hanyar fita gari, na ja sarƙa, na ɗaure flas ɗin shayi da burodi a tanki, muka kama hanyar madatsar ruwa. Muna barin kwalta muka hau hanyar gonaki, sai na ji mutumin da ke bayana ya canza. A gida in zai zauna sai an riƙe masa hannu. A kan babur kuwa kafin in shiga kwana ya riga ya karkata, daidai gwargwado, ba ƙari ba ragi. In inji ya fara kuka yana neman giya, sai in ji yatsa biyu a kafaɗata. In na makara ya yi tsaki. Wallahi Yaya tsakin nan ya fi mini duk wata gaisuwa da na samu a shekarar nan.

A bakin ruwa muka sauka ƙarƙashin wata bishiya. Can nesa wani manomi yana ta fama da injinsa na ban ruwa, ya ja ya mutu, ya ja ya mutu. Baba ya saurara ya ce, "Fulogi ne, ba ya so ya saya." Ya sha shayinsa. Sai ya dube ni sosai ya ce, "Baiwar Allah, hannunki da kyau a tuƙi. Ina da 'ya mai tuƙi irin naki, sai dai ita gaggawa ta yi mata yawa." Na ce, "Ina take yanzu, Baba?" Ya ce, "Tana nan. Ba ta nisa da ni." Na tashi na tafi wai zan duba baƙin mai, na tsuguna a bayan babur na yi kukana na ƙoshi.

A gida bai san yana da 'ya ba. A can ya sani. Wannan kake so in rufe a hawa na huɗu, bayan taga mai ƙarfe, da baƙon da zai riƙa ce masa "zauna, Baba" daga safe har yamma. Ka ce akwai iska. Ba iskar taga yake nema ba.

Likita kuwa na tambaye shi, tunda ka ce ban tambaya ba. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya ce akwai haɗari, na ce na sani. Ya ce yana barci yanzu? Na ce kamar jariri. Ya rage masa ƙwayar da ke sa shi layi, ya ce in riƙa tafiya a hankali.

Ka ce in huta in ji da rayuwata. Wa ya ce maka wannan ba ita ba ce? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka bar wa ɗanka ɗakinsa, ka kira Gwaggo ka ce ta tashi daga kan akwatin nan.

Auta

*

Yaya,

Sallama. Ban san ko kuna lafiya ba tunda ba ka ga damar faɗa mana ba. Wata ya mutu wani ya kama, ba takarda, ba waya. Ni ma ban kira ba, kuma ba zan kira ba. Na gane, shiru ma magana ce. Ka ba da umarni, sauran surutun ƙanwa ne.

To ga lafiyar mahaifinka. Tafin ƙafarsa duka biyu ya ɗaye, yana kwance ba ya iya takawa.

Na cika alkawarina kamar wata sakara. Kullum in dawo in tura babur cikin gida a kashe don kada ya ji. La'asar ta koma yadda take, har ta fi da. Shekaranjiya Gwaggo ta gyangyaɗa a tabarma, maƙwabciya ta shigo aron tsani ta bar ƙofa a sake. Ina shagon magani na ƙarshe Gwaggo ta kira ni, ban ma gane abin da take faɗa ba don kuka.

Na bi layi-layi. Na shiga kasuwa, na duba tasha, na leƙa kowane kwalbati. Rana ta kusa faɗuwa mai facin nan ya kira ni. Ya ce ya ga dattijon da nake ɗaukowa yana tafe a gefen kwalta, manyan motoci suna wuce shi da iska, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya tare shi ya zaunar da shi a kan taya, ya ce masa akwai injin da za a kawo ya duba, ya jira. Allah ya saka wa bawan Allahn nan. Da na iso Baba ya dube ni da fushi ya ce, "Wa ya ɗauke mini babur? Tun safe nake tafiya a ƙasa, mutane suna jirana."

Ka ga rigakafinka. A kan babur yana ɗaure a jikina, da hula a kansa. Da ka hana, shi kaɗai ya hau titin.

Da gari ya waye na nufi ɗakin Gwaggo in ce mata na janye alkawarina, ta yafe mini ko kada ta yafe. Ban kai ga magana ba. Ina fitowa na ga hular a kan kujerar babur, ta goge ta har tana ƙyalli. Ita kuma tana shara, ta ƙi yarda mu haɗa ido.

Na gaji, Yaya. Na gaji ƙwarai. Ƙafarsa tana warkewa za mu koma hanya, kuma ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi.

Auta

*

Auta, ƙanwata,

Na amsa sallama. Ina fata ƙafar Baba ta kama warkewa. Ki yi wa mai facin nan godiya a madadina har in samu zuwa da kaina.

Ba raini ba ne ya sa na yi shiru. Motar kayan ta lalace, direban ya daɗe bai zo ba, takardunki biyu tare suka iso hannuna. Ni kuma tarin da na ce miki da sauƙi ashe ciwon huhu ne. Na kwanta asibiti, ko magana ba na iya ja. Ni na hana matata ta faɗa muku, don nauyin da ke kanki ya isa. Yanzu na dawo gida, ina samun ƙarfi.

Na karanta zancen bakin ruwa, na ajiye takardar na fita baranda. Ni da ya haifa da fari, zuwana na ƙarshe ya miƙo mini hannu ya ce daga wane ofishi nake. Ba zan ɓoye miki ba, na yi miki murna, na kuma ji kishi.

Akwai abin da ba ki sani ba don ba a haife ki ba tukuna. Tabon da ke ƙaurinsa kin san shi, amma ni na ga ranar. Ina bayansa, ina yaro, a irin hanyar gonakin da kike yabo. Kare ya gitta. Na tashi ba abin da ya same ni, shi kuwa babur a kansa, jini yana bin ƙasa, idonsa a rufe. Ba kowa a dajin. Na zauna ina kiran sunansa har mai amalanke ya zo. Tun daga ranar ban sake hawa bayansa ba, shi ma bai sake cewa in hau ba. Lokacin yana da ƙarfinsa, shi yake tuƙi, ba gudu yake ba. Kare ba ya neman izinin mai tuƙi a hankali. Ki ce wanda maciji ya sara ne yake gudun baƙin tsumma, na yarda. Amma macijin gaskiya ne.

Ɓatan da ya yi kuma, ke kin ga hujjarki a ciki, ni ma na ga tawa. Gidan da maƙwabciya za ta bar ƙofa a buɗe, mai tsaronsa tsohuwa ce mai gyangyaɗi, ba wurin zamansa ba ne. A nan ko ya fita ɗaki ba zai wuce mai gadi ba.

Kuma kin rubuta da hannunki cewa kin gaji. Tunda nake da ke ban taɓa jin kalmar nan a bakinki ba. Na san girman kanki ba zai bar ki ki ce a karɓe ki ba, don haka na ji abin da ba ki faɗa ba. An gama fenti. Ranar hutunki ta ƙarshen wata direban ofishinmu zai iso da safe. Ki haɗa masa kayansa da magungunansa. Hular ma ki sa, in tana sanyaya masa rai.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama, da sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Na yi nadamar zafin da na yi maka kana kwance. Amma kai ma ka sani, mutum ya kwanta asibiti ya ɓoye wa ƙanwarsa, wannan ba tausayi ba ne, taurin kai ne, kuma gidanmu ɗaya. Gwaggo ta ce in ja maka kunne. Baba yana gida, an sallame shi daga asibiti. Ka riga ka ji rabin labarin a bakin direbanka, ga sauran.

Da na ce na gaji, cewa na yi na gaji. Ban ce a zo a ɗauke mini uba ba. Mai noma ma yana cewa ya gaji, ba a sayar masa da gona.

Ranar da motarka za ta zo, na san da zuwanta. Da gangan na riga ta fita. Na ɗaure mu, muka bar Gwaggo ta tari direbanka da shayi. Ba zan yi maka ƙarya in ce mantawa na yi ba. Mun je har bayan madatsar, inda ban taɓa kai shi ba. Ya yi ta nuna mini gonaki yana faɗin sunayen masu su, mutanen da na tabbata ƙasa ta daɗe da rufe su. Bai taɓa yin magana mai yawa haka ba.

A hanyar dawowa ne. Muna gangaren da ke kafin kwalta, inji ya nemi giya, na jira yatsunsa a kafaɗata, ban ji ba. Na shiga kwana, bai karkata ba. Sai hannunsa na hagu ya zame daga cikina ya faɗi, hularsa ta bugi bayana, nauyinsa duka ya dawo kaina. Bel ɗin ne kawai ya riƙe shi. Na kira shi, shiru. Yaya, na kasa tsayawa. Na san in na tsaya dole in waiwaya, in kuma na waiwaya abin da na gani shi ke nan. Na kama hannunsa na manna a cikina, na riƙe kan babur da hannu ɗaya, na yi ta tafiya a giya ɗaya kamar mai tura baro. Ban san tsawon tafiyar ba. Ina tuna yaron da ka ce ya zauna a daji yana kiran suna. Na fahimce ka a hanyar nan, in wannan zai yi maka daɗi.

Sai a wajen mai faci na tsaya, shi ya kwance mu. Yana numfashi. Na kira gida, direbanka ya zo ya kai mu asibiti. Motarka ta yi rana, ba zan ƙi faɗa ba.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, mai sauƙi, hagu ta taɓa. Na tambaye shi ko tafiyar ce ta jawo. Ya ce da a kan gado yake ma tana iya samunsa. Ko gaskiya ya faɗa mini ko lallashi, ban sani ba, kuma zan zauna da rashin sanin.

Hanya ta ƙare mana. Ba kai ka hana ba, ba Gwaggo ba, ni na gani da idona: hannun da ba ya riƙo ba ya hawa titi. A wannan ka yi gaskiya.

A zancen ɗaki kuwa ba ka yi ba. Na ji ka ce wa Gwaggo motar za ta dawo in ya ɗan murmure. Kada ka wahalar da bawan Allah, haka zai koma ba kowa a baya.

Ran da muka dawo gida la'asar ta yi, ya fara ja da jiki zai sauka daga gado, yana kuka da rabin baki wai ya makara. Na je na kira mai walda. Muka kafe babur a tsakar gida a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya yi masa tokara ta ƙarfe hagu da dama, ko an hau an yi rawa ba zai motsa ba. Muka ɗauko Baba muka ɗora shi. Ba a baya ba, a gaba. Na sa masa hula, na ɗora hannunsa na dama a kan totur, wannan hannun lafiyarsa ƙalau. Na sa giya a firi na taka kik. Ya murɗa. Ya sake murɗawa, ya saurara, ya gyara zama. Ya daɗe yana tafiyarsa, idonsa a kan bangon gidanmu, Allah kaɗai ya san gonakin da ya zaga. Da ya isa inda za shi, da kansa ya kashe, ya ce a ba shi ruwa ya wanke hannu.

Haka muke yi kullum yanzu. Maƙwabcin da ya zube mana yashi ya zo ƙorafin ƙara, na nuna masa yashinsa, ya koma. Ka faɗa mini ta yadda za ka hau da wannan hawa na huɗu.

Matsala ɗaya ce. Aikin na mutum biyu ne. Dole wani ya zauna a bayansa ya rungume shi don ɓarin hagu yana zubewa, wani kuma ya taka kik ya tsaya kusa da makunni. Gwaggo ba ƙarfi. Mai walda yana rufe shagonsa ya zo, amma ba ubansa ba ne, kunyarsa ta fara kama ni. Likita bai ba mu dogon lokaci ba, ya ce irin wannan takan dawo.

Baba ba zai zo ba, Yaya. Ba zan kawo shi ba, ba kuma zan bari a ɗauke shi ba. In kana son ka yi masa wani abu, ka san inda yake da la'asar.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Na amsa. Jiki da sauƙi, yara suna gaida kakansu. Babban ya mayar da kayansa ɗakinsa, yana murna da sabon fenti.

Na nemi hutu, sun ba ni. Motar haya zan shigo, kada Gwaggo ta ga ta ofis hankalinta ya tashi. Ki sallami mai walda da godiya.

Ba zan ce kin yi daidai a komai ba, za mu yi wannan faɗan in na zo, kuma zan bari ki gama magana. Har yanzu tsoron babur bai sake ni ba, don haka in kin ga na daɗe kafin in hau kada ki yi mini dariya a gaban Gwaggo.

Abu ɗaya nake roƙonki. In na zauna a bayansa ya waiwayo ya tambaye ki wane ne wannan, kada ki ce ɗansa ne, kada ki sa shi wahalar nema. Ki ce masa fasinja ne, ya daɗe a bakin hanya yana jira.

Yayanki